Riyalin da bai shiga gado ba

A cikin Birnin Damagaram, a lungunan da ke kewaye da fadar Sarki, akwai tsofaffin gidaje da ba a kiran su da sunan wanda ya gina su. «Gidan Alhaji» kawai ake cewa, kuma yaron da aka aika ba ya ɓata hanya, ko da yake a yau babu lungun da ba shi da alhazai da dama. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da Alhaji guda yake isar unguwa sukutum, zamanin da mai niyyar Makka yakan yi wasiyya, ya bi gida-gida yana neman gafara, domin masu yi masa rakiya ba su cika sa ran sake ganinsa ba. Jikoki sun gaji wannan suna kamar yadda suka gaji soro da rijiya, suna tinƙaho da shi ranar neman aure da ranar suna. Abin da ba safai suke gada ba shi ne lissafin abin da aka biya kafin sunan ya shigo gidan.

A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, na dukawa ne tun kaka da kakanni, wani hoto baƙi da fari ya shekara sama da sittin a jikin bangon ɗakin tsohuwa. Bai fi tafin hannu biyu ba, gefunansa sun yi ja don daɗewa. Mutum huɗu ne a ciki, sun jeru gaban wani labule da aka zana wa itatuwan dabino. Namijin yana zaune da farar jallabiya da rawani irin naɗin Sudan, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa, ƴan yatsun sun yi kauri saboda aikin basilla. Matarsa tana tsaye a damarsa, fuska a ɗaure. Gabansu wani yaro ne da bai wuce shekara bakwai ba, ba takalmi, ya zare idanu. Daga hagu kuwa wata budurwa ce doguwa, ta lulluɓa da lafaya, lalle ya yi baƙi a hannuwanta. A bayan hoton akwai hatimin mai ɗauka da Larabci, wanda har yanzu ana iya karanta sunan garin a jikinsa: Wad Madani.

Yaran gidan sun tashi sun san mutum uku: Alhaji, da Hajiya, da babansu yana ƙarami. In suka nuna ta huɗun, sai a ce musu: «Yayar babanku ce, tana gabas.» Daga nan ba a ƙara komai. A gidan, kalmar gabas ta zama kamar murfin tukunya. Da an aza ta, magana ta ƙare.

Cikin waɗannan yara akwai wadda ta zama malamar lakol, ta kusa shekara talatin da alli a hannu. Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa mahaifinta bai taɓa kiran ta da suna ba, sai dai ya ce Uwata. A ciwonsa na ajali, watanni kaɗan kafin yaƙin Sudan ya ɓarke cikin watan Afrilu na 2023, ya kira ta wani dare bayan masu dubiya sun watse.

«Uwata, buɗe adakar nan, ki tona ƙasa, ki ɗauko mini layar da ke cikin shuɗin ƙyalle.»

«Ga ta, Baba. Ta wane malami ce?»

«Babu rubutu a cikinta. Farke ta ki gani.»

Da ta farke ɗinkin, sai wani babban kuɗin azurfa ya faɗo mata a cinya. A fuska guda hoton wata mata ce mai ƙiba da mayafi, a ɗaya fuskar mikiya mai kai biyu, da shekara a rubuce: 1780.

«Wannan ba nawa ba ne, ba kuma na Hajiya ba ne,» in ji shi. «Na Yaya ne. Ranar da aka zo rabo, kada ki yarda a sa shi cikin lissafi.»

Tsofaffi sun san wannan kuɗi, liyari suke ce masa. Matar da ke jikinsa Mariya Taraiza ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fatake na Habasha da Larabawa da mutanen Borno da Hausa sun saba da shi har ba su yarda da wani, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekara guda, a Biyana da Landan da Paris da Roma da Bombai, har bayan ƙarni ɗaya da rabi. Nauyinsa giram 28, mafi yawansa azurfa tsantsa, shi ya sa maƙeran fari ke narkar da shi su yi mundaye da zobba, mata kuma ke huda shi su rataya. Ke nan shekarar da ke jikinsa ba ta faɗin ranar da aka buga shi, balle ta faɗi hannuwan da ya ratsa. Wannan sai mai shi ya buɗe baki. Tsohon ya buɗe nasa a darare uku, ɗiyarsa tana rubutawa cikin littafin da take shirya darasi.

Alhaji, a lokacin baduku ne matashi, ya bar Damagaram da kaka, bayan an soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka a 1946. Shekarun yaƙin duniya na biyu sun tsare mutane da yawa a gida, da hanya ta buɗe kuwa sai ayari ya yi ta bin ayari. Bai tara guzurin da zai kai shi ba, bai kuma ga laifin hakan ba, domin a mazhabar Malikiyya wanda ke da ƙarfin tafiya a ƙasa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu iko. Ya ɗora kayan dukancinsa a jaki, ya ɗauki matarsa da ɗiyarsu ta fari, wadda ba ta daɗe da fara famfarar haƙori ba. Tsakaninsu da gaɓar Bahar Maliya akwai fiye da kilomita 3000.

Suka bi ta Mirriya da Gidimuni da Gure da Maine-Sorowa, suka haye Komadugu suka shiga Borno. A Yarwa suka yi damina guda, shi yana ɗinkin takalma da kube da gidan laya, ita tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Daga nan sai Dikwa, sai Kusiri, inda suka haye ruwa zuwa Farlomi, garin da aka sake wa suna Njamena a 1973. Haka tafiyar ta kasance: a yi wata biyu ana tafiya, a yi shekara ana neman abin da za a ci gaba da shi. A kusa da Ati suka binne wata jaririya da ba ta yi arba'in ba. A Abashe, tsohon birnin sarakunan Wadai, suka yi damina biyu, a can aka haifi yaron da ke cikin hoton. Suka tsallaka iyaka daga Adare zuwa Janena, aka yi musu lamba a hannu, aka ba su takardar hanya. Suka ratsa Fashir da Nahud suka isa Lubayya, babbar kasuwar ƙaro, inda titin jirgin ƙasa ya tsaya tun 1912. A nan matar ta yi aikin tsintar ƙaro da ɓarar gyaɗa har suka haɗa kuɗin jirgi zuwa Kosti da Sinnar.

Wanda ya kai Sinnar a wancan zamani ya shiga Jazira, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin rassa biyu na kogin Nilu. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, Turawan Ingila suka mai da wannan fili gonar auduga da ba a ganin iyakarta, ruwa na bin hanyoyin da aka haƙa masa. Auduga tana son hannu, kuma mutanen yamma, waɗanda ake kira Takari ko Fallata, su ne suka fi kowa ba da shi. Sun tarar da ƴan uwansu a can tun da daɗewa: bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa bakin Nilu, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ƙauyukan Hausawa suka yawaita a gefen gonaki, da masallatansu da makarantun allo da masu fura. Wani masani ɗan Gana, Christian Bawa Yamba, ya zauna cikinsu, ya kuma nuna a littafinsa na 1995 cewa akwai waɗanda aka haifi kakanninsu a Sudan amma in an tambaye su sai su ce a kan hanyar Makka suke.

Abin da ke tsare mutum a Jazira kuɗin teku ne. Hukuma ta shar'anta cewa sai a Sawakin za a shiga jirgin ruwa, bayan an zauna a killace an yi allurai, an biya kuɗin zuwa da na dawowa da harajin Hijaz. Wanda ya kasa, ko dai ya ba da ransa ga masu kwalekwalen da ke ketare da mutane cikin dare su zubar da su a gaɓar da ba ruwan sha, ko kuwa ya koma gona ya jira wata shekara. Badukun da iyalinsa suka yi tsinkar auduga shekara bayan shekara, daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, ana biyan su bisa nauyin abin da suka tsinka. Sau biyu kuɗin yana kusa da cika. Na farko masassarar ruwan gonaki ta kwantar da maigidan ta cinye shi. Na biyu auduga ba ta yi daraja ba. Shekara takwas ke nan da barin gida, jakin ya daɗe da mutuwa, yarinyar da aka fito da ita tana famfara ta zama budurwa.

A nan ne wani mutum ya aiko neman aurenta. Bahaushe ne haifaffen can, mahaifinsa cikin jama'ar Mai Wurno ya zo, yana da gonarsa ta kansa cikin tsarin Jazira, wadda suke kira hawasha. Ba wanda ya faɗi mugun hali game da shi, a lokacin ko bayan haka. Ya ba da sadaki da fam na Masar, wanda shi ake kashewa a Sudan kafin 1957, ya haɗa da riyali goma na azurfa domin adon amarya. Sadaki haƙƙin amarya ne, baduku ya san haka kamar yadda kowane almajiri ya sani. Ya kira ɗiyarsa ya ce ta ranta masa, in Allah ya dawo da su daga Makka zai tsaya ya yi aiki ya biya. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ce komai ba. Malamai sun ce shirun budurwa yarda ne. To amma a kan aure aka faɗi wannan, ba a kan dukiya ba.

A makon bikin ne, shekara guda kafin Sudan ta sami ƴancin kai a 1956, suka shiga Madani domin ɗaukar ƙananan hotunan takardar tafiya. Mai hoton ya ce tun da ga amarya da lallenta, su tsaya gaba ɗaya ya ɗauke su. Wannan shi ne hoton da ke bango. Kwana kaɗan bayan haka fam ɗin ya tafi ga kuɗin jirgi, riyalai kuma aka kai wa mai canji. Tara aka kai. Na goman uwar ta ɓoye shi, ta ce wa mijinta ya faɗi a hanya, ta jure faɗan da ya biyo baya.

Sun sauke farali, sun ziyarci Madina, sun dawo ta Sawakin. A Jazira suka tarar da ɗiyarsu da goyo. Sun yi tsinkar auduga ɗaya, abin da aka samu bai wuce na guzurin komawa ba. Mijin ba zai bar gonarsa ba, matar ba za ta bar ɗanta ba. Ƙasar ma ta sake: dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta fi amincewa da wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun kafin 1898, don haka baƙon da ba shi da tushe zamansa ya ƙara wuya. Alhaji ya ce a tafi gida, za a aiko da kuɗin. Ranar rabuwa yaron yana riƙe da zanen uwarsa, ya kuma tuna cewa ta kai hannu ƙugunta sau biyu, inda ta ɗaure riyalin, sau biyu tana janye hannun. Ta ce wa ɗiyarta: «To, a yi haƙuri da zaman duniya.» Ita kuma ta ce: «Allah ya kiyaye hanya, Inna.» Iyakar abin da suka faɗa wa juna ke nan.

Dawowar ba ta kai wata huɗu ba, domin manyan motoci sun fara bin hanyar. Suka iso Damagaram a 1958, gari yana ta gardamar ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, wasu na bin giwa wasu na bin raƙumin Sawaba. Duk da haka unguwa ta fito tarye da dawaki da kalangai. Aka sha zamzam, aka raba dabino da tasbaha, dattawa suka zo suna shafa hannun da ya taɓa Ka'aba. Su uku suka fita, su uku suka dawo: miji da mata da ɗa guda. Wanda ya ƙirga kawuna bai ga giɓi ba. Waɗanda suka tuna cewa da mace aka fita kuma da namiji aka dawo, an ce musu ta yi aure a gabas, suka yi barka.

Hajiya ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ba a kuma taɓa jin sunan ɗiyar a bakinta ba. Ba wanda ya yi mamaki. Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ta yi, sai a ce ba ta da kunya. Al'adar da aka kafa domin ladabi ita ce ta zame mata mafaka, har maƙwabta suna yabon ta da kawaici. Babu mai iya rarrabe inda kunya ta tsaya da inda baƙin ciki ya fara, mai yiwuwa har ita kanta. Ciki dai, in ji masu magana, ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai bayan tsohon ya ba da labarin ne malamar ta ciro hoton daga gilashi ta duba shi da kyau a hasken rana. Uwar ta tsaya nesa da ɗiyarta kamar yadda ya kamace ta, miji da kujerarsa a tsakaninsu. Amma a bayan kujerar, ta ƙarƙashin hannun Alhaji, ana ganin ƴan yatsu biyu sun kama gefen lafayar.

A shekarun farko wasiƙu sun yi ta zuwa da ajami ta hannun alhazan ƙasa: an sami namiji, an sami mace, ana gaida Baba da Inna. Babu wadda ta ambaci kuɗi. Alhaji ya sha cewa baɗi zai aika, baɗi kuma ta zo da harajinta da aurar da ƴaƴan da aka haifa daga baya. Ya rasu bai aika ba. Hanyar ma ta mutu a hankali: yaƙi ya tashi a Cadi tun daga 1965, jirgin sama kuma ya ɗauke masu hali, aka daina ganin ayarin masu jaki. Saƙo na ƙarshe kaset ne da ya iso a shekarar farin 1984, yara suka yi ta sa shi har zaren ya tsinke. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa ta daina bin wannan hanya.

Kafin Hajiya ta rasu ta ba ɗanta riyalin, ta ce ya ɗinke shi cikin fata, ya kai wa «yarinyar nan». Da ya sami zuwa Makka ta jirgin sama, ya tafi da shi a aljihu. Ya ce sun wuce bisa Sudan cikin dare, ya leƙa taga bai ga ko fitila ba. A Makka ya yi ta tambaya cikin Takari, ya sami masu cewa sun san ƙauyen, amma zuciyarsa ba ta kwanta da ko ɗaya ba, ya dawo da abinsa. Shi a ganinsa, kunya ce ta hana uwarsa miƙa riyalin ranar rabuwa, domin miƙa ɗaya tamkar tona asirin tara ne, da tona asirin mijinta gaban suruki. Malamar tana da wani gani. A wurinta, matar da ta ratsa Wadai da Darfur da ciki da goyo ba za ta kasa miƙa hannu don kunya ba. Ta riƙe shi ne domin bashi igiya ce: muddin yana ƙugunta, akwai dalilin komawa, akwai abin da bai ƙare ba tsakaninta da ɗiyarta.

Ranar rabon gado, bayan addu'ar arba'in, malamin unguwa ya zauna a zaure da takardarsa, aka jera gona da awaki da kayan dukanci da ɗan abin da ke banki. Malamar ta fito da riyalin ta ajiye gefe, ta faɗi wasiyyar. Wani ƙanenta ya ɗauka ya auna a tafin hannu, ya ce in an kai wa maƙerin fari ba zai wuce ƴan jikkuna ba, bai ga abin ɗaga murya a kai ba. Amma baffansu, autan Alhaji, wanda aka haifa bayan dawowa, ya daɗe yana shiru kafin ya yi magana.

«Allah ya gafarta malam, in haka ne ai ba riyali ɗaya ba ne. Goma ne, da fam ɗin da aka shiga jirgi da shi. Kuma ku ne kuke gaya mana bashi yana gaba da gado.»

Malamin ya ajiye alƙalami. Ya ce riyalin amana ne, ba ya shiga rabo, wannan ba ta da wuya. Sauran kuwa bashi ne a wuyan Alhaji, ga shi an raba dukiyarsa tun tuni ba a fitar ba, cikin abin da aka raba har da gidan da suke zaune. Ya ƙara da cewa ita kanta mai bashin magajiya ce, kuma bai ji an ce an ware mata kasonta a wancan rabo ba. Abin da ya rage shi ne a nemo ta ko magadanta, a biya, ko su yafe da bakinsu. Zauren ya yi tsit. Mutanen da suka zo karɓar rabo suka tashi da bashin da ya girme su.

Neman bai zo da wuya kamar yadda aka zata ba. Wani ɗalibi ɗan unguwar, da yake karatu a Hartum, ya gudo da yaƙi ya ɓarke, ya yi makonni a wani ƙauyen Hausawa kusa da Madani kafin ya sami hanyar gida. Da malamar ta ba shi sunan ƙauyen da ke cikin tsofaffin wasiƙu, ya yi ta bugawa mutanen da suka sauke shi, har aka samo lambar wani jikan tsohuwar. Tana da rai. Cikin daminar 2023 saƙon murya ya shigo ta WhatsApp, minti biyu da ɗoriya. Muryar tana rawa, Hausar ta Damagaram ce irin wadda yanzu sai a bakin ƴan shekara tamanin, Larabci yana kutsowa nan da can. Ta yi ta'aziyyar ƙanenta, ta kira shi da sunan wasan da ba wanda ya sani a gidan. Ta tambaya ko manyan duwatsun Birni suna nan, ko kurnar ƙofar gida tana yin ƴaƴa. An sare kurnar tun kafin a haifi malamar.

Malamar ta kwana biyu tana shirya amsa. Ta ce: «Gwaggo, Inna ta bar miki saƙo a hannunmu, riyali ɗaya cikin goman nan. Ba ta kashe shi ba. Sauran kuma muna nan, mu ne masu biya, sai abin da kika ce.» Jikan ya rubuto cewa ya sa wa tsohuwa saƙon sau uku, ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce ita ta ɗauka goman duk sun tafi. Ta ce wannan ba maganar aike ba ce, za ta ba da amsa da bakinta in ta ji ƙarfi.

Cikin watan Disamba na 2023 dakarun da ke yaƙi da sojan Sudan suka shiga Wad Madani, garin da ya zama mafakar waɗanda suka gudo daga Hartum, suka bazu cikin ƙauyukan Jazira. Tun daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. Soja sun karɓe garin cikin Janairun 2025, lambar dai shiru. A wannan yaƙi dubban ɗaruruwan mutane suka tsallaka daga Janena zuwa Adare da ƙafa da jakai, da yara a kafaɗa, suna bin hanyar da alhazan ƙasa suka bi, sai dai fuskarsu tana kallon yamma. In an nuna su a talabijin, malamar takan matso kusa tana duba fuskokin tsofaffin mata, alhali ta san Jazira tana da nisa da wannan iyaka.

Littattafan tarihin da take koyarwa suna da Sarki Tanimun da ganuwarsa, suna da shigowar Faransawa a 1899, da mayar da babban birni Yamai a 1926. Babu shafin da ya ambaci waɗanda suka fita ta gabas da jaki, balle matan da guminsu da sadakinsu suka biya kuɗin teku. Ta ba ƴan ajin ƙarshe aikin gida: kowa ya nemi hoton da ya fi daɗewa a gidansu, ya tambayi sunan kowane mutum da ke ciki, ya fi matsawa a kan wanda aka yi saurin wucewa. Yara suka dawo da kakan da ya tafi Kumasi fataucin goro bai dawo ba, da wanda aka ɗauka soja zuwa yaƙin Faransa, da gwaggo ko inna da «tana gabas». Wasu iyaye sun zo lakol suna tambayar dalilin wannan tone-tone. Wasu kakanni kuwa sun aiko a ce wa malama yaron ya dawo da littafi, akwai saura.

A gidan dukawan, magada sun ware kuɗin riyali tara bisa farashin azurfa, da abin da malamin ya ƙiyasta na fam ɗin da na kason gado, suka damƙa wa baffa ya riƙe. Malamar ta rubuta takarda da boko da ajami da Larabci, ta faɗi mai riyalin da sunan ubanta da na ƙauyenta da yadda aka yi ya zo Damagaram, shaidu biyu suka sa hannu. A bayan hoton, ƙarƙashin hatimin Madani, ta rubuta sunaye huɗu. Ɗan ƙanenta, wanda shi kaɗai ya riƙe basilla a cikin jikoki, ya yanko jar fata ya ɗinke riyalin tare da takardar. Ya tambaye ta ko ya rufe bakin gaba ɗaya kamar yadda kakansa ya yi. Ta ce ya sa masa maɓalli.